Damina Bakwai a Aji Huɗu

A zamaninmu aiki ne ke neman malami. Ba gori nake yi wa 'yan baya ba, haka abin yake. Ranar da muka rubuta jarrabawar ƙarshe a kwalejin horon malamai ta mishan, tun tawada ba ta gama bushewa a yatsunmu ba aka yi ta kiran mu ɗaya bayan ɗaya, ana gaya wa kowa ƙauyen da zai tafi. Akwai wanda ya yi kuka, wai ko hutun wata guda ba a bar shi ya yi ba. Ni shekara biyu na yi da alli a hannu, sannan na bi sawun yayyena na shiga soja, kamar yadda samarin ƙasar Zuru suka saba. Soja ta duba takardata, ta mayar da ni aji ina koya wa kurata karatu da rubutu. Da wannan allin na ga Kongo, na ga Lebanon, na ga Laberiya. A hanya na tsinci Faransanci da ɗan Larabcin kasuwa da Yarbancin bariki, ƙari a kan C'lela da na sha a nono, da Hausa, da Turanci. Da na ajiye kaki na zauna Kaduna 'yan shekaru, sai a farkon shekarun dubu biyu na tattara na koma ƙauyenmu, can bayan Dabai.

Abin da na tarar shi ne malamai ke neman aiki. Takardarsu ta fi tamu girma, NCE ake ce mata, shekara uku ake yi kafin a same ta. Duk ranar Litinin idan ka shiga Zuru za ka gan su, maza da mata, kowa da fayil ɗin roba a hammata cike da kwafin takardu da ƙananan hotuna, sun jeru a inuwar bangon ofishin da ake ɗaukar malamai. Wasu har suna da dutsen zamansu, kowa ya san nasa. Iyakar waɗanda na ga aikin koyarwa ya yi wa rana su ne masu injin kwafi da ke tsallaken titi.

Ban yi wata uku da dawowa ba aka ɗora mini shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai ta firamarenmu. Dalilin ɗaya ne: na ga duniya. A ƙauye wannan ya isa a ba mutum kowane muƙami, ya kuma isa a ƙi yi masa gardama ko da shirme yake faɗa. Makarantar ɗaki huɗu ce, malamai uku har da hedimasta. An haɗa aji ɗaya da biyu a ɗaki guda, biyar da shida a wani, aji uku na da nasa malamin. Aji huɗu kuwa ba kowa. Yaran su shigo da safe, su rera waƙa, su yi kokawa, rana ta yi su koma gida.

Wanda zan ba da labarinsa ɗan abokina ne. Tare da ubansa muka shiga soja, tare muka je Laberiya, ni kaɗai na dawo. Yaron ya tashi a hannun uwarsa da baffanninsa, ya karanta lissafi a kwaleji, kuma a shekarar da na dawo gida ya karɓi takardarsa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai ta kama. A wannan shekarar ce kuma ya gama golmo.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai so a yi masa bayani. A wurinmu idan saurayi ya ga yarinyar da yake so, ita ma ta amsa, sai ya shiga golmo: shi da sa'o'insa su yi wa mahaifinta noma damina bakwai. Yau suna gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Ba a biyan ka, ba ka ƙorafi, ba ka nuna gajiya. Abin da ya fi komai muni shi ne ka je ka tsaya gaban suruki ka ce yaushe za a ba ni. Ba a rubuta komai a takarda, don babu bukata. Dawar da ka noma tana tsaye, duk wanda ya wuce ya gani, gari duka shaida ne. Idan damina ta bakwai ta cika, dattijo ya je ya yi magana, a ba ka matarka. Na yi, ubansa ya yi. Shi ma ya yi nasa yana kwaleji, yana dawowa duk hutu, 'yan uwansa na rufe masa ranar da ba ya nan. Surukinsa, tsohon da bai san ko harafi ɗaya ba, ya cika alkawari a kan lokaci, ko kwana bai ƙara ba.

Wata yamma ya zo gidana da fayil ɗinsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna a ƙasa.

"Baba Saje," haka yaran garin ke kira na, "na kai takarduna ofis. Sun ce babu gurbi, in riƙa leƙowa."

"Sau nawa ka leƙa?"

"Sau huɗu. Jiya masinja ya ce in daina tsayawa a bakin taga, wai ina tare wa oga iska."

Raina ya ɓaci. Ɗan mutumin da ya mutu da kaki a jikinsa, ana korarsa daga bakin taga. Na gyara zama, na yi abin da waɗanda suka ga duniya suka fi iyawa, wato na ba da shawara.

"Ga aji huɗu can ba malami. Shiga ka koyar. Kada ka sake zuwa ka jingina da bangon nan kamar wanda ba shi da gida. Na zaga ƙasashe, ban ga inda mai aiki ya ɓuya ba. Gwamnati suruki ce. Ka yi mata noma, ka kama bakinka, za ta gani."

Ya juya fayil ɗin a hannunsa. Wannan magana ce da ya fahimta, don ya gwada ta da jikinsa, ga matar tana gida.

"Damina nawa, Baba?"

Na yi dariya. "Haba, ai ba za ta kai bakwai ba. Gwamnati ta fi surukinka karatu."

Ranar Litinin ya shiga aji huɗu. Na koyar shekaru da yawa, na ga malamai farare da baƙaƙe, ban cika ganin irinsa ba. Kafin hedimasta ya iso ya riga ya share ajin. Ya hau ya ɗaure kwanon da iska ta ɗaga. Ya tara ƙwallon ɗinya da tsakuwa a wani akwatin katako, da su yake koyar da kasafi. Idan yaro ya kasa da Turanci ya koma masa Hausa, idan ya kasa da Hausa ya koma masa C'lela, har sai abin ya zauna. Kowane darasi sai ya rubuta shirinsa a littafi da wani irin rubutu mai kama da na injin, hedimasta ya sa hannu. Da la'asar ya tafi gonarsa. Bayan girbi iyaye kan aika masa da tiyar dawa, wanda ya tuna.

Ni kuwa duk taron iyaye sai na yabe shi. Ina ba su labarin malaman da na gani a Laberiya suna koyarwa a ƙarƙashin mangwaro, ba albashi, ana jin harbi daga nesa. Jama'a su yi ta girgiza kai. Abin da ban taɓa haɗawa da labarin ba shi ne, su can lokacin ba su da gwamnati sam. Mu muna da ita, har da ofis mai taga.

A damina ta biyu mai duba makarantu ya zo a kan babur. Mun sha shiri. Ya leƙa ɗaki na farko, malami. Na biyu, malami. Na uku, na huɗu, duk da malami, yara sun yi tsit. Ya tsaya a aji huɗu ya fi minti goma yana kallon kasafi da ƙwallon ɗinya, ya gyaɗa kai, ya yi rubutu a takardarsa. Na yi masa jawabi da Turancin da na ajiye don irin wannan rana. Da zai tafi ya kama hannun ɗan abokina ya ce, "A ci gaba da ƙoƙari, gwamnati na sane." Muka kalli juna. A golmo, ranar da suruki ya zo bakin gona ya tsaya ya gyaɗa kai, ka san ka kama hanya.

A ƙarshen wannan shekarar aka tura malamai biyu makarantar ƙauyen da ke gaba da mu, inda yara ke kokawa tun safe har azahar. Mu ba a turo takardar kowa ba. Ya zo ya gaya mini, bai ƙara komai a kai ba. Na ce masa suruki ne ke gwada shi. Na ce har a soja haka ake yi, wanda aka fi yarda da shi ne ake bari a baya. Ya ce to.

A damina ta huɗu kwaleji ta turo mana ɗaliba gwajin koyarwa, wato zangon da masu koyon malanta ke yi a aji kafin su gama. 'Yar Rikoto ce, a cikin garin Zuru, uwarta na sayar da atamfa a kasuwa. 'Yar ƙarama, mai saurin baki, ba ta jin C'lela ko kaɗan. Hedimasta ya sa ta ƙarƙashin ɗan abokina. Ranar farko ta juya wa yara baya ta yi ta yi wa allo bayani, kafin ta waigo rabin ajin sun fita ta taga. Bai yi mata dariya ba. Ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake tsayawa a karkace, ido ɗaya a allo ɗaya a yara. Ya koya mata rubuta shirin darasi. Ya koya mata kalmomi uku na yarenmu: zauna, yi shiru, ka kyauta. Ya ce waɗannan sun ishe ta wata guda. Ranar da malaminta ya zo daga kwaleji ya duba ta, da akwatin ƙwallon ɗinya ta koyar, ta sami maki mafi girma a cikin 'yan rukuninsu.

Wata rana lokacin tara na tarar da su a gindin ɗorawar makaranta suna cin gyaɗa, na zauna tare da su.

"Malam," in ji ta, "kai wane matakin albashi kake?"

"Ban shiga ba tukuna."

"Ba ka shiga ba? Tun yaushe kake nan?"

"Damina huɗu."

"Damina!" Ta ajiye gyaɗar. "Malam, kai ma'aikaci ne ko gero?"

"Sun san da ni."

"Wa ya san da kai? Yaushe rabonka da ofis?"

Sai ya dube ni. Na gyara murya.

"'Yata, mu nan ba ma roƙo. Aikin mutum ne ke yi masa magana."

"To Baba, Allah ya sa. Ni dai abin da na gani, fayil kawai suke saurare, shi ma sai mai shi na tsaye a kansa. Yayata shekara biyu ta yi tana gaida masinja kafin ya san sunanta. Ranar da ya sani kuwa har tuwo muka yi."

Na yi murmushi irin na manya. A raina na ce, yaran gari ke nan, ba su san haƙuri ba.

Ta gama zangonta ta tafi, ta kammala kwaleji, ta sami nata dutsen a jikin bango. Duk Litinin da na shiga Zuru sai ta taso ta gaishe ni. "Baba, ina Malam? Ka ce masa na ajiye masa wuri kusa da ni. Inuwar wajen tana kaiwa azahar." Na ce zan gaya masa. Ban taɓa gaya masa ba. Ina ganin kare masa mutunci nake yi.

Damina ta biyar ta wuce, ta shida ta bi ta. Ɗan abokina ya haifi 'ya'ya biyu. 'Yan ajinsa na farko sun shiga sakandare, wasu na zuwa hutu suna gyara wa iyayensu lissafin awo a kasuwa. Mai duba makarantu na zuwa duk shekara, ba lallai mutum ɗaya ba, ya ga kowane ɗaki da malami, ya yi rubutu, ya ce gwamnati na sane. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci uwarsa ta tare ni a bakin hanya. Mace ce da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Saje, ubansa ya bi ka Laberiya, ka dawo mini da akwatinsa. Shi kuma ka kai shi aji huɗu. Me za ka dawo mini da shi wannan karon?"

Na ce ta ƙara haƙuri, saura damina ɗaya. Sai bayan ta wuce na tuna ni ne na ce ba za ta kai bakwai ba.

Da aka yi girbin damina ta bakwai, aka ji a rediyo za a ɗauki sababbin malamai. Na ce lokaci ya yi, kuma al'ada ta san wanda ke zuwa: dattijo. Na fito da kwat ɗina na goge, na maƙala lambobina na soja. Na ce wa ɗan abokina ya ɗauko fayil ɗinsa. Hotunan ciki sun yi ja, mutumin da ke jikinsu ko gemu ba shi da shi. Na ce ya haɗo duk littattafan shirin darasinsa na shekara bakwai, tunda ba za mu iya ɗauko ajin mu kai musu su gani ba. Sai da suka cika buhu. Muka hau kabu-kabu biyu, ni da buhun a ɗaya, shi a ɗaya.

Lambobin sun yi aikinsu, masinja bai ce na tare iska ba. Jami'in da muka samu matashi ne daga can wajen Kabi, mai ladabi ƙwarai. Ya miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa, Baba, ranka shi daɗe. A kawo ma Baba kujera."

Na fara da Turanci, ya amsa mini da Hausa, sai na sauko.

"Na zo ne a kan yaron nan. Damina bakwai ya yi muku aiki a aji huɗu, bai yi fashi ba, bai tambaye ku komai ba. Yau ta cika. Na zo a ba shi takardarsa."

"Ya yi muna aiki?" Ya dubi ɗan abokina, ya dube ni. "Wa ya sa shi, Baba?"

Na iya harshe shida, amma ban sami wanda zan amsa wannan tambayar da shi ba. Ɗan abokina ya sunkuyar da kai, don ya rufa mini asiri.

Jami'in ya sa aka kawo fayil ɗin makarantarmu, ya buɗe yana bi da yatsa. "Ga shi nan. Kowace shekara rahoto guda: ɗaki huɗu, malami huɗu, babu giɓi. Shi ya sa ba a taɓa ba ku gurbi ba. Makarantarku na cikin waɗanda muke alfahari da su." Ya ɗago. "Ashe na huɗun ba namu ba ne?"

"Shi ne wannan a tsaye."

"To ke nan kuna da giɓi." Ya ɗauki biro ya rubuta wani abu a gefen takardar. "Mun gode, Baba. Ka taimaki gwamnati. Da ba ka zo ba, ba za mu sani ba."

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce, "Madalla. Ga giɓi, ga mai cike shi."

Ya karɓi fayil ɗin roban, ya duba takardar, ya duba hoton, ya duba mai hoton. Fuskarsa ta canza, kuma na yarda har ransa abin bai yi masa daɗi ba.

"Baba, wanga shiri na sababbin hannu ne, waɗanda ba su daɗe da gamawa ba. Haka ya zo muna daga sama. Takardar malam ta kwana biyu. Kuma sunansa ba ya cikin masu jira. Wanda muka daina gani, mukan ɗauka ya samu aiki wani wuri, ko kuma Allah ya yi mishi cikawa."

Na kwance buhun, na zuba littattafan a kan teburinsa. Na yi masa bayanin golmo tun daga farko. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya buɗe littafi ɗaya, ya daɗe yana kallon rubutun.

"Wallahi ko a kwaleji ban ga irin wanga ba," ya ce. "Baba, na san golmo, ina kuma girmama ta. Amma shi suruki mutum guda ne, yana zaune kusa da gonarsa, shi ya ga damina ta fari, shi zai ga ta bakwai. Tun da malam ya fara, ni ne na huɗu a wagga kujera. Ni ma ban san ko zan ga baɗi a kanta ba." Ya rufe littafin a hankali. "In ba damuwa, ku bar muna ɗaya, mu riƙa nuna ma sababbin da za mu ɗauka."

Muka bar masa ɗaya. Har yau ban san dalilin da ya sa muka bari ba. Ina jin ladabi ne.

A waje 'yar Rikoto ta taso daga dutsenta da murna. "Malam! Yau ka zo!" Ta ga buhun, ta ga fuskokinmu, ta koma ta zauna. Muka taka da ƙafa har bakin tasha. Can ya karɓi buhun daga hannuna ya saɓa a kafaɗa.

"Baba," ya ce, "ka ce ta fi surukina karatu. Gaskiya ka faɗa."

Ban ji zafi a muryarsa ba. Da ma akwai, da ya fi mini sauƙi.

Ya koma aji huɗu washegari, don zango bai ƙare ba kuma yaran na tsakiyar kasafi. Da aka dawo hutu, giɓin da na je na buɗe da bakina aka cike shi. Ina ofishin hedimasta sabuwar malamar ta shigo da takardarta a ambulan. Ita ce. Ba ta san ajin da za a ba ta ba sai da hedimasta ya faɗa. Ta tsaya a ƙofar aji huɗu ta kasa shiga.

"Malam, wallahi ban roƙi nan ba. Ko'ina na ce musu, ko bayan Kanya ne."

"Na sani. Shigo, kina tare wa yara haske."

Ya miƙa mata rajista, ya miƙa mata akwatin ƙwallon ɗinya, ya jawo buhun littattafan daga bayan ƙofa ya ajiye mata. Ya nuna mata yaron da ba ya ji da kunnen hagu, ya ce ta zaunar da shi ta dama. Ya nuna mata yarinyar da ke zuwa ba ta karya ba, ya ce kada ta tambaye ta komai kafin tara. Ya ce kwanon kusurwar gabas na ɗagawa idan an yi iskar farkon damina. Ita tana rubutawa tana share ido da gefen mayafi.

Hedimasta, mutumin kirki, ya ce ai ba sai ya tafi ba. Ga aji biyar da shida a cunkushe, a raba su, ya riƙe ɗaya a gindin ɗorawa kafin Allah ya kawo wani shirin. Ya juyo gare ni don in sa baki. Har na buɗe bakin, don sabo. Ɗan abokina ya dube ni, kallo ɗaya, irin na ubansa. Na rufe.

Ya sayar da dawar shekarar, wani ɗan baffansa soja ya cika masa, ya sayi babur. Ya shiga kabu-kabu tsakanin Dabai da Zuru. Cikin waɗanda suka fara zama fasinjojinsa na kullum har da malamar aji huɗu, don daga Rikoto take zuwa. Ita ta ba ni labarin ranar farko. Ta ce da ya sauke ta a ƙofar makaranta, yara suka fito da gudu suna kiran Malam, Malam, ita kuma ta rasa yadda za ta yi da kuɗin da ke hannunta, tana jin nauyin miƙa wa wanda ya koya mata tsayuwa a gaban allo. Sai ya miƙo hannu da kansa.

"Kawo. Na daina aikin kyauta."

Duk da haka, in ji ta, a hanya takan tambaye shi yadda za ta ɓullo wa wani darasi, ya yi ta yi mata bayani da ƙarfi iska na kwashe rabi, kuma bai taɓa ƙara mata ko sisi a kan wannan ba. Ranar Litinin kuwa masu fayil ɗin roba yake kwasa zuwa jikin bango. Yakan gaya musu inda inuwa ke kaiwa azahar, da sunan masinja, ya ce su fara gaishe shi kafin kowa. Ni ma yana ɗauka ta idan zan shiga gari. Nawa ne kawai ba ya karɓa, kuma na fi jin wannan fiye da duk abin da zai iya faɗa mini.

Ba a yi shekara biyu ba malamin aji uku ya yi ritaya, ɗakinsa ya zama ba kowa. A lokacin akwai wata yarinyar garinmu da ta gama NCE tana zaune a gida. Iyaye suka taru suka zo wurina, suka ce in yi mata magana ta riƙe ajin kafin gwamnati ta gani, tunda ni ake jin maganata. Na ce su bar yaran su yi kokawa. Ranar Litinin na sa kwat ɗina ba lambobi, ɗan abokina ya kai mu ni da ita, na nemi dutse na zauna kusa da nata.

Golmo tana nan a gidajen da suka riƙe ta, kuma har yanzu ban ji surukin da ya ce wa ya sa ka ba. Amma tun daga shekarar nan ba wanda ya sake koyarwa kyauta a makarantarmu. Ɗakin da ba malami mukan bar shi a buɗe ba malami, har mai duba makarantu ya zo ya gani da idonsa ya rubuta.